Daga Dantchiao zuwa Jado: abin da na gani a ƙasar zinariya

 

A ƙasarmu ta Dantchiao babu dutse, babu zinariya. Jigawa gare mu da fadama. Gero muke nomawa, da wake, da gyaɗa, da riɗi. Amma tun shekarar 2014 zancen zinariya ya shiga kowane gida, daga Magarya har Dungas. Da an ɗaure damman gero, sai ka ji samari a majalisa suna cewa an sami sabon wuri, wane ya tafi da takalmin roba ya komo da mota.

Ni na je na gani. Gani ya kori ji. Zan gaya muku yadda mutanen farko suka sami zinariya, da yadda suka fid da ita, da abin da na baya suka tarar. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Dalilin tafiyata

A bazarar 2015 samari bakwai suka tashi daga garinmu. Cikinsu har da ɗan wana. Ya kai ɗaya daga cikin shanun huɗar gidansu kasuwar Magarya, ya sayar, ya yi kuɗin mota. Saura kwana kaɗan ruwan shuka ya sauka. Sau biyu ya kira a waya, daga nan shiru.

Damina biyu wana ya yi yana noma da hauya, don sa ɗaya ba ya jan garma. Bayan girbin 2016 ya kira ni zaure. Ya ce: "Kai ka yi lekol, ka san takarda. Ka tafi ka nemo mini yaron nan, ko da rai ko ba rai."

Na ce: "To, Yaya. Allah ya sa a dace."

Hanya

Daga Magarya zuwa Damagaram kimanin kilomita 90 ne. Daga Damagaram muka yi arewa, muka bi ta Tanut da Adarbisanat zuwa Agadas, kimanin kilomita 450. Da ka wuce Damargu gonaki sun ƙare. Sai daji, da raƙuma, da rijiyoyi masu zurfi.

A Agadas na ga hasumiyar babban masallaci, wadda aka gina da laka, tsawonta mita 27. Na kuma ga kasuwar kayan neman zinariya: shebur, da diga, da igiya, da tocila, da bidon ruwa, da na'urar da ke jin ƙarfe cikin ƙasa. Tun nan na fara lura da wani abu. Mai sayar da shebur ya riga ya karɓi kuɗinsa, ko ka samu ko ba ka samu ba.

A lokacin, ranar Litinin motoci ke tashi zuwa Dirku, a jere, da rakiyar soja. Tafiyar ta fi kilomita 600 cikin hamadar Tenere. Mun kwana uku bisa kayan babbar mota. Babu kwalta, babu inuwa. Da rana zafi, da dare sanyi mai shiga ƙashi. A da akwai itace guda ɗaya tak a tsakiyar Tenere, wanda ayarin gishiri ke gane hanya da shi. Wata mota ta buge shi a 1973. An kai kututturensa gidan tarihi na Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa.

Dirku tana cikin ƙasar Kawar, kusa da Bilma. Makiyaya, daga can kantun gishirin da kuke ba dabbobinku yake fitowa. Daga Dirku muka ƙara yin arewa a ƙaramar mota, muka wuce Sigidin, muka isa Shirfa. Kusa da nan tsohon garin Jado yake, kango ne bisa dutse, da itatuwan dabino kewaye da shi. Wurin zinariyar ba cikin garin yake ba. Yana can cikin daji, inda babu rijiya, babu ciyawa.

Yadda na farko suka samu

A sansanin masu zinariya na sauka wurin wani dattijo mutumin Damagaram, mai sayar da shayi da burodi. Yana nan tun farkon abin. Na ce: "Baba, yaya aka yi aka gano ta?"

Ya ce: "Malam, zauna ka sha shayi. Labarin da tsawo."

Ga abin da ya gaya mini, haɗe da abin da na gani da idona.

A watan Afirilu na 2014 aka gano zinariyar Jado. Kafin nan an yi irin wannan rububi a Sudan, sa'an nan a Cadi. Mutanen da suka koyi aikin a can su ne suka zo da na'ura, suka koya wa saura. Cikin ƴan makonni dubban mutane suka cika wurin: Tubawa, da Abzinawa, da Hausawa, da Barebari, da baƙi daga ƙasashen maƙwabta.

Na'urar kamar sanda take, da faifai a ƙasanta. Mai ita yana sa abin ji a kunne. Yana tafiya sannu, yana kaɗa faifan dama da hagu bisa ƙasa, kamar mai shara. In faifan ya bi ta kan ƙarfe, sai ta yi kuka. Sai mai shebur ya tona. A ɗebi ƙasar hannu hannu ana gwada wa na'urar, har a ware abin da ya sa ta kuka. Wani lokaci ƙusa ce, ko gwangwani, ko kwanson harsashi. Wani lokaci kuwa zinariya ce, kamar ƙwayar gero, ko kamar ƙwayar wake. Mai babban rabo ya sami kamar ƙwallon dabino.

Na'urar ba ta ji da nisa. Abin da ke kusa da sama take ji, kamar zurfin kamu ɗaya ko biyu. A kwanakin farko wannan ya isa, don zinariyar a sama take. Ba a bukatar rami, ba a bukatar ruwa, ba a bukatar magani. Tsinta ake yi.

Me ya sa take sama? Ku manoma kun san sheƙa. In mace tana sheƙar gero, iska na kwashe ƙaiƙayi, tsaba na faɗuwa nan kusa don ta fi nauyi. To, haka Allah ya yi a Jado. Asalin zinariya cikin farin dutse take. Shekaru dubbai zafi da sanyi da ruwa suka farfasa dutsen. Ruwan da da iskar hamada suka kwashe yashi. Zinariya ba ta tsatsa, kuma ta fi yashi nauyi wajen sau bakwai. Sai ta zauna inda take. Abin da aka yi shekaru dubbai ana sheƙewa, shi mutanen farko suka kwashe cikin ƴan watanni.

Ku riƙe wannan da kyau. Zinariya ba gero ba ce. In an kwashe, ba ta sake tsirowa baɗi.

Abin da na baya suka tarar

Lokacin da na isa, ƙasar duk an tone ta, kamar gonar gyaɗa bayan cira. Masu kuɗi sun kawo katafila. Katafila na kankare ƙasar sama, masu na'ura na bin bayanta. Talaka mai shebur ɗaya ya zama ɗan aikin wani.

Ga yadda na ga ana rabo a ƙungiyar da ɗan wana ya fara shiga. In an samu, sai a fara cire kuɗin ruwa, da abinci, da man mota. Abin da ya rage a kasa uku. Kashi ɗaya na mai mota. Kashi ɗaya na mai na'ura. Kashi ɗaya na masu tono, ko su nawa ne. In ba a samu ba, kuɗin abincin ya zama bashi a wuyanka.

Ruwa kuwa daga nesa mota ke kawo shi, a sayar bido bido. Wanka sai wanda ya samu. Dattijon ya ce mini: "Malam, ni ban taɓa riƙe shebur ba a nan. Amma na fi da yawa cikin masu tono komawa gida da kuɗi."

Ban sami yaron a Jado ba. Wani ɗan Dungas ya ce mini ya tashi tun bara, ya bi masu zuwa ramukan Cibarakatan, daga baya an gan shi a Arlit. Ƴan watanni bayan barina wurin, a farkon 2017, gwamnati ta rufe Jado, ta ce kowa ya tashi.

Gidan Daka

Na sake ratsa Tenere zuwa Agadas. Daga nan na yi arewa zuwa Arlit, kimanin kilomita 240. A bayan gari akwai wurin da ake kira Gidan Daka. Sunan ya dace da shi. Tun daga nesa kake jin ƙarar injuna, kana ganin farar ƙura.

Nan na same shi. Ya rame, ƙura ta rufe shi har gira, yana tari. Da ya gan ni sai ya durƙusa. Ya ce: "Baba, kunya ce ta hana ni kira. Da me zan koma, ga sa na sayar?"

Na ce: "Tashi, ɗana. Ubanka kai yake nema, ba sa ba."

Shi ya ba ni labarin Cibarakatan. Wurin yana can arewa, kusa da iyakar Aljeriya. A 2014 aka gano shi, ƴan watanni bayan Jado. Can zinariyar ba a sama take ba. Tana cikin farin dutse, a jere kamar jijiya, ta nutse cikin ƙasa. Sai an bi ta.

Ana haƙa rami kamar rijiya, da diga da guduma da kurfi. Wani ramin ya fi gaba ashirin. Ana zura mutum da igiya, da tocila ɗaure a goshi. Yana fasa dutse, yana cika buhu, na sama suna ja. In jijiyar ta karkata, sai a bi ta a kwance, mutum na rarrafe. Can ƙasa iska ba ta isa. Da yake babu ruwa a wurin, sai a loda buhunan dutse a manyan motoci, a kawo su inda ruwa yake.

Sauran aikin na gan shi da idona a Gidan Daka. Ga shi daki daki.

Na ɗaya, a farfasa dutsen da guduma ya zama tsakuwa.

Na biyu, a niƙa tsakuwar a inji ta zama gari, kamar garin tuwo.

Na uku, a wanke. Ana jingina dogon katako a karkace, a shimfiɗa masa bargo ko darduma. A zuba garin da ruwa daga sama. Yashi ya wuce, mai nauyi ya maƙale a bargon.

Na huɗu, a wanke bargon cikin tasa. A riƙa juya tasar da ruwa sannu sannu, ana zubar da na sama, kamar yadda mata ke rege tsakuwa daga shinkafa. A ƙarshe sai baƙin yashi ya rage, da ɗan ƙyalli a gindin tasa.

Na biyar, a zuba zaiba. Zaiba wani farin ƙarfe ne mai gudu kamar ruwa. Tana kama zinariya, ta bar yashi. A zuba ta a ƙyalle, a matse, sai ɗan dunƙule ya rage.

Na shida, a ƙona dunƙulen a wuta. Zaiba ta tashi ta bi iska. Zinariya ta rage. A kai wa mai sikeli ya auna da giram.

Buhu guda na dutse, da ƙarti biyu ke ɗagawa da ƙyar, sau da yawa abin da ke fita cikinsa bai kai ƙwayar gero ba.

Ga kuma yadda ake gane ta gaskiya. Akwai duwatsu masu ƙyalli da ke ruɗin baƙo. A sa guduma. In ya farfashe ya zama gari, ba ita ba ce. Zinariya ba ta fashewa, sai dai ta baje.

Ba a kanmu aka fara ba

Da na komo gida na bincika, sai na tarar haka abin yake ko'ina.

A ƙasar Amurka, a jihar Kalifoniya, wani kafinta mai suna Jemis Mashal ya tsinci zinariya a bakin kogi a watan Janairu na 1848. Labari ya bazu. Cikin shekara bakwai mutane wajen 300,000 suka kwarara can. Na farko da tasa kawai suka yi aiki, suna rege yashin kogi, wasu ma da wuƙa suke ƙwaƙulo ta daga tsagar dutse. Da ta sama ta ƙare, sai aka koma dogon katako da ruwa. Daga baya kamfanoni suka zo da injuna, suna rusa tuddai da ƙarfin ruwa. Masu tasa suka zama leburorin kamfani. Shi kansa Mashal da talauci ya mutu.

A nan Nijar ma, dattawa sun tuna yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari. A wannan shekara aka fara rububin zinariya a Koma Bangu, can yamma wajen Tera. Manoman da fari ya kora su suka fara. Da ƙwarya da faifai suka yi aiki, suna bakace ƙasar sama, suna wankewa. Ba a daɗe ba ta sama ta ƙare, aka shiga rami.

Kun ga hanyar ɗaya ce. Farko tsinta. Sa'an nan tono. Sa'an nan rami mai zurfi da magani mai guba. Kullum aikin na ƙara wuya, kullum rabon talaka na ƙara raguwa. Amma labarin da ke isowa ƙauye, labarin kwanakin tsinta ne. Kafin ya iso Dantchiao, ka sayar da sa, ka sami mota, kwanakin nan sun wuce.

Haɗarin da ba a faɗa a majalisa

Rami yana rufta wa mutane. A ranar 7 ga Nuwamba 2021, a Garin Liman kusa da Ɗan Isa, cikin jihar Maraɗi, ramuka suka rufta, aƙalla mutum 18 suka rasu. Wurin bai fi ƴan watanni da buɗewa ba. Allah ya jiƙansu.

Ƙurar farin dutse tana shiga huhu, ba ta fita. Tana kawo tari da ƙarancin numfashi, ko bayan shekaru.

Hayaƙin zaiba ba shi da wari, amma guba ne. Yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, yana sa karkarwar hannu. Ya fi cutar da yara da mata masu ciki.

Wani dutsen zinariya yana haɗe da dalma. A 2010, a jihar Zamfara ta Nijeriya, a garuruwa irin su Bagega da Dareta da Ƴargalma, mutane sun riƙa kawo dutse cikin gida suna daka shi, suna niƙa shi a injin niƙan hatsi. Ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke wasa. Yara fiye da 400 suka mutu.

Makiyaya, ku ma da naku. A wasu wurare ana jiƙa ragowar garin dutse cikin kududdufi da wata guba mai suna siyanur. Dabbar da ta sha ruwan nan ba ta kwana. In kuna kiwo kusa da wurin zinariya, ku nisanta garke daga duk ruwan da ke kwance.

Komowa gida

Mun iso gida ana sanyi. Abin da yaron ya tara cikin wata goma sha takwas, bayan an cire bashi, ɗan maraƙi ya saya. Sai da aka yi shekara biyu ana kiwonsa kafin ya ja garma. Tarin kuwa sai da muka yi ta zuwa likita.

Ba zan ɓoye muku gaskiya ba. Cikin samari bakwai ɗin nan, ɗaya ya samu. Ya gina ɗaki da kwano, ya sayi babur, ya yi aure. Biyar sun komo kamar yadda suka tafi, ko ƙasa da haka. Ɗaya har yau babu labarinsa. Uwarsa na nan, duk motar da ta tsaya sai ta leƙa. A majalisa kuwa, labarin mai babur kaɗai ake bayarwa.

Shawara

Ban ce kada kowa ya fita nema ba. Cin rani gadonmu ne, kuma shekarar da gero bai yi ba, dole namiji ya motsa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ƙudura zai tafi, ya riƙe waɗannan:

1. Kada ka sayar da gona, ko san huɗa, ko irin shuka don kuɗin mota.

2. Ka tambaya yaushe aka gano wurin. In labarin ya shekara, ka san ta sama ta ƙare, rami za ka shiga.

3. Ka tambaya ko hukuma ta yarda da aiki a wurin. Ka tafi da takardar shaidarka.

4. Ku yi maganar rabo tun kafin a fara aiki, a gaban shaidu. Wanda ya iya rubutu ya rubuta. Ga amfanin yaƙi da jahilci.

5. Kada ka shiga ramin da ba a tokare shi ba, ko ramin da aka haƙa dab da wani. Kada ka shiga rami da damina.

6. Kada ka kawo dutse ko zaiba cikin gida. Kada a daka dutse a turmin abinci. Kada a ƙona zaiba cikin ɗaki ko kusa da yara.

7. Ka riƙa kiran gida, ko ka samu ko ba ka samu ba. Rashin samu ba abin kunya ba ne. Shiru shi ke kashe iyaye.

8. Ka komo kafin ruwan shuka.

Ranar da maraƙin nan ya fara huɗa, ni da wana muna tsaye a bakin gona. Yaron na riƙe da garma. Wana ya dube shi, ya ce mini: "Ka ga wannan ƙasa? Tun kakanmu ake tona ta, ba ta taɓa rufta wa kowa ba."

Ku tattauna wannan magana a majalisa da wurin karatun manya. Wanda ya je wurin zinariya ya komo, ya faɗa wa ƙannensa gaskiya, daɗi da wuya duka. Allah ya komo mana da matafiyanmu lafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.